Motar da ta keta ruwa, ƙarƙashinta ake fara dubawa

Ka tambaye ni: "Maigida, motar nan ta dawo daga daji da ƙafarta, injin yana tashi bugu ɗaya, ba hayaƙi ba ƙara. Mai ita wanki kawai ya ce a yi mata. Me ya sa ka ce sai na shiga ƙarƙashinta na buɗe aksil, wato ƙarfen da ke kai ƙarfin injin zuwa tayoyi?"

Zauna ka ji, yaro. Mai Land Cruiser ɗin nan ba haya yake yi da ita ba, sha'awa ce. Ran hutu shi da abokansa sukan nufi inda babu titi, su hau duwatsu, su kutsa taɓo, su keta rafi. Mutanen nan suna son motocinsu ƙwarai, da yawansu ma da hannunsu suke canza baƙin mai da filta. Amma hankalinsu yana kan injin, domin shi ne mai magana. Aksil ba ya kuka da wuri. Ranar da ka ji yana gurnani, aikin gama ya riga ya gama.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Motar ta yi tafiya mai nisa, haƙoran giya suna ta cizon juna, tukunyar aksil ta ɗauki zafi har ba ka iya ɗora hannu ka bari. Man giya bai cika tukunyar ba, akwai iska a samansa, kuma ita ma ta yi zafi ta buɗe. Shi ya sa aka yi wata 'yar ƙofar numfashi a saman aksil, ƙaramin ƙarfe mai hula, don iskar ta riƙa fita. To, sai direba ya tsunduma wannan ƙarfe mai zafi cikin ruwan sanyi. Nan take iskar ciki ta tsuke. Ka taɓa ɗauraye gorar roba da ruwan zafi ka toshe bakinta, ka ga yadda take lotsewa in ta huce? Aksil ƙarfe ne, ba zai lotse ba, sai dai ya zuƙo abin da ke kusa da shi. In ƙofar numfashin tana cikin ruwa, ruwa zai sha. In kuma ta toshe da taɓo, ta bakin sil, robar da ke hana mai yoyo, zai jawo shi, har da yashi.

Ruwa ya haɗu da mai, giya ta kaɗa su, man ya koma fari-fari mai kauri, ya daina riƙe ƙarfe. Motar ta koma gida aka ajiye ta mako biyu ko uku sai wani hutun, tsatsa kuma tana cin boris a hankali. Bayan wasu watanni mai ita zai zo yana cewa aksil ya lalace haka kawai. Ba haka kawai ba ne, tun ranar rafin ne.

Yadda za ka duba kuwa, ka tsayar da ita a wuri mai daidai. In za ka ɗaga ta, ka sa mata abin tokare na ƙarfe, kada ka kuskura ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Kusar zuba mai, wato ta sama, ita za ka fara kwancewa kafin ka taɓa ta ƙasa. Wannan ka riƙe shi da kyau. In ka zubar da man sannan ka tarar ta saman ta ƙi motsi, ka tsayar da motar mutane ba mai. Kan kusar nan gajere ne, ka sa soket mai kusurwa shida, ka zaunar da shi sosai, in ba haka ba za ka murje kan. Sa ɗan yatsa a ramin: ya kamata man ya zo daidai bakinsa. In ya kwararo da yawa da ka buɗe, ka yi zargin wani abu ya ƙaru a ciki. Tunda motar ta kwana a tsaye, sassauta kusar ƙasa a hankali ka zuba ido. Ruwa ya fi mai nauyi, shi zai fara ɗigowa. Dubi maganaɗisun da ke kan kusar. Baƙin gari mai laushi ba abin damuwa ba ne, gutsattsarin ƙarfe da kake ji a yatsa shi ne labari.

Wuri huɗu ne: aksil na gaba, na baya, giyabos, da akwatin da ke raba ƙarfi zuwa gaba da baya. Kada ka zuba musu mai iri ɗaya don ganda. Aksil man giya mai lamba GL-5 yake so, galibi mai kaurin 80W-90. Giyabos da yawa GL-4 suke buƙata saboda zobban tagulla da ke cikinsu. Littafin motar ne alƙali. In ka sami ruwa da yawa, ka canza man, a ɗan zagaya da ita ya yi ɗumi, ka sake canzawa.

Maganin da zai ɗore ba wuya. Cire 'yar ƙofar numfashin, ka ɗaura tiyo a gurbinta, ka ja shi har saman ɗakin injin, ka sa ƙaramin filta a bakinsa. Ka bar masa rara, domin aksil yana sauka ƙasa sosai in taya ta faɗa rami, kuma ka nisanta shi da salansa.

Na ga kana kallon bututun shaƙar iskar da mai motar ya ɗaura a gefen gilas. Yana da amfani, amma yana yaudarar masu motoci, su ɗauka ta zama jirgin ruwa. Injin kaɗai yake karewa, shi ma sai in duk mahaɗarsa a liƙe take. Kamfanoni suna faɗin zurfin da motarsu za ta iya shiga: tsohuwar Defender milimita 500, Hilux ta yanzu milimita 700. Abin da ya wuce nan kasada ce. Buɗe gidan filtar iska ka taɓa. In da danshi, ka kira ni kafin kowa ya murɗa makulli. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska. In ya shiga silinda fistin ya taso ya same shi, sandar fistin ce za ta lanƙwashe, kuma injin dizal ya fi saurin cutuwa saboda matsinsa ya fi yawa. Sai an cire fulogi, ko hita, wato fulogin ɗumama silinda, in dizal ce, a juya injin ya tofar da ruwan tukuna.

Sauran aikin giris ne da haƙuri. Bi farfela, sandar da ke juya aksil, ta gaba da ta baya, ka buga giris a kowane kuros, wato gaɓarta mai kofuna huɗu, har sai sabo ya fito ta kofuna huɗun ya koro tsohon mai ruwa. Wurin da farfelar ke zamewa tana shiga tana fita kuwa, bugu kaɗan ya isa, in ka cika shi zai riƙa tura boris. Ɗaga kowace taya, kama sama da ƙasa ka girgiza. Wannan Land Cruiser samfurin 70, da Toyota ke ƙerawa tun 1984, aksil ɗinsa na gaba yana da ƙwallo a kowane gefe inda taya ke juyawa. In ka ga baƙin abu mai ruwa-ruwa yana tsiyaya daga nan, sil ɗin ciki ya mutu, man giya ya gauraya da giris. Ka cire gangar birkin baya ma, taɓo yana kwanciya a ciki ya cinye takalmin birki cikin ɗan lokaci.

Sai a zo kan wankin da ya nema. Lagireto daga baya ake wanke shi, ruwa ya tura taɓon ta inda ya shigo, kuma da ruwa marar ƙarfi don kada ka kwantar da siraran fukafukansa. Injin wanki mai feshi da ƙarfi kada ka saita shi a bakin sil ko mahaɗar waya, in ba haka ba da hannunka za ka cusa ruwan da rafi bai cusa ba.

Man da ka tsiyayo daga kowane wuri ka ɗebi kaɗan a kwalba mai haske, ka rubuta inda ya fito. In mai motar ya zo da yamma ka nuna masa, ka kuma nuna masa kusoshin da wurin giris ɗaya bayan ɗaya. Mutum ne mai son taɓa motarsa, zai iya wannan duban da kansa duk ranar da ya dawo daga ruwa. Ɗauko soket lamba 24 da tasa, ka fara da na baya.