Yaya zan koya wa yarana kiyaye kansu daga jirgin ƙasa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Gidanmu yana kusa da layin dogo a wajen Rigasa, Kaduna. Ƙananan yarana biyu, mai shekara 6 da mai shekara 9, sai sun tsallaka dogo kafin su je Islamiyya. Babban kuwa, mai shekara 15, a kan diga suke zama da abokansa da yamma suna hira da ɗaukar hoto. Na yi faɗa har na gaji, sai ya ce min ai jirgi ba ya zuwa a ɓoye. Me zan yi? Daga wata uwa a Rigasa.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya mana su. Hankalinki bai tashi a banza ba, don maganar da ɗanki ya faɗa ita ce ta fi komai ba ni tsoro a cikin wasiƙarki. Mutane kan ɗauka cewa za su ji shi, ko za su gan shi su kauce, amma jirgi ya taka su.

Ga abin da ke faruwa. Ƙarar jirgi ta fi bazuwa gefe da baya, wanda ke tsaye a gabansa shi ne na ƙarshen ji. In iska na kaɗawa, ko akwai injin niƙa a kusa, ko yaro ya toshe kunne da iyafis, to sai jirgin ya iso kansa. Ido ma yaudara yake yi: babban abu in ya nufo mutum kai tsaye, gani ake yi kamar a hankali yake tafiya. Jirgin da ke gudun kilomita 100 a awa yana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Wanda ya hango shi daga mita 200, daƙiƙa bakwai kacal ta rage masa. Kuma jiragen da ke bin sabon layin Abuja zuwa Kaduna, wanda aka buɗe a 2016, sun fi na tsohon dogon da iyayenmu suka sani gudu nesa ba kusa ba.

Direba kuwa ba shi da sitiyarin da zai karkata. Birki kawai gare shi da oda. Ƙafar jirgi ƙarfe ce a kan ƙarfe, ba ta kama ƙasa kamar tayar mota, don haka jirgi mai nauyi da ke cikin gudu kan wuce kilomita ɗaya bayan an taka birki kafin ya tsaya. Direban yana ganin yaron sarai, amma babu abin da zai iya yi. Haka aka yi a Ikeja ta Legas a watan Maris na 2023, lokacin da motar ma'aikatan gwamnati ta yi ƙoƙarin riga jirgi tsallakawa, ya kwashe ta, aka yi asarar rayuka.

Ƙananan biyu ba sa buƙatar wannan lissafin, kuma kada a bar musu auna nisan jirgi da kansu, ƙwaƙwalwar ɗan shekara 6 ba ta kai nan ba. Doka ɗaya za ki ba su: wuri ɗaya ake tsallakawa, inda aka tanada, kuma tare da babba. Ki kama hannunsu ku je wurin. Ku tsaya nesa da dogo kamar taku biyar na babban mutum, domin jikin jirgi ya fi diga faɗi, ga iskar da yake tasowa da ita. Ku duba dama da hagu, ku yi shiru ku saurara, sannan ku wuce da tafiya ba da gudu ba, don duwatsun da ke tsakanin diga suna kayar da yaro. Ki maimaita har sai ƙaramin ya fara gyara miki in kin yi kuskure. In takalmi ya faɗi a kan dogo, ko ƙwallo, ko akuya ta hau, a bar shi. Ki faɗa musu da bakinki cewa ba za ki doke su don sun dawo babu takalmi ba. Yara da yawa tsoron bulala ne ke mayar da su kan diga.

Tunda akwai tashar jirgi a Rigasa, ki ƙara musu wannan: taragon da ke tsaye yana iya motsawa ba sanarwa, kada a bi ta ƙarƙashinsa ko tsakanin taragu biyu. A wurin da ake sauya wa jirgi layi, ƙarafan suna matsewa su kama ƙafa. In kuma layi biyu ne, wucewar jirgi ɗaya ba ta nufin hanya ta buɗe.

Babban dai faɗa ba zai yi masa ba, kin riga kin gani. Ya san akwai haɗari, kunyar abokai ce ke zaunar da shi. Ki zaunar da shi ke da mahaifinsa ko kawunsa, a ba shi lissafin daƙiƙa bakwai ɗin nan ya auna da agogon wayarsa: ya zauna a tsakar gida, kansa a kan waya, ya ga ko zai ankara, ya tashi, ya ja abokinsa kafin lokacin ya cika. Sannan ki ɗora masa nauyin raka ƙannensa Islamiyya. Saurayin da aka ba amana yakan fi wanda ake yi wa tsawa kiyayewa. A ganina, tilas kuma ki nemi iyayen abokan nasa, don ba zai bar dandali shi kaɗai ba sai an sama musu wani wurin zama.

Ku manya kuma ku duba kanku. In yaro ya ga babansa yana kutsa babur ta ƙarƙashin shinge bayan an sauke, duk wa'azin ya rushe. In kuma babu mashiga mai tsaro a tsakaninku da makarantar, ku haɗu da mai unguwa da malaman Islamiyyar ku kai kuka ofishin Hukumar Jiragen Ƙasa da ke tasha. Kafin a amsa muku, ku tsara babba ɗaya da zai riƙa tsayawa a wurin lokacin tafiya da lokacin tashi.