Amsa ga yarona kan cin bashi don takardar shaidar haɗa kwamfutoci

Ɗana, ka tambaye ni ko ya dace ka ci bashi ka shiga kwas ɗin wata shida na haɗa kwamfutoci da wata cibiya take tallatawa, tun da sun nuna maka albashin da masu wannan sana'a suke ɗauka a Amurka, kuma sun ce wanda ya riƙe takardarsu ba ya zaman banza. Shawarata ita ce kada ka ci wannan bashi, kuma ga dalilina.

Takardun wannan aiki iri biyu ne, kuma masu talla suna jin daɗin cakuɗa su. Akwai wadda cibiyar take bugawa da kanta ta miƙa wa duk wanda ya biya kuɗi ya zauna a aji, akwai kuma wadda ake samu bayan cin jarrabawar da duniya ta sani, kamar CCNA ta kamfanin Cisco ko Network+ ta CompTIA. Mai ɗaukar ma'aikata a banki ko a kamfanin sadarwa ta biyun yake nema. Kuɗin jarrabawar CCNA dala 300 ne, takardar tana aiki shekara uku kafin a sabunta ta, kuma Cisco bai sharɗanta wa kowa zuwa wata makaranta ba kafin ya zauna jarrabawar. Saboda haka ka koma ka tambaye su ko kuɗin da suka yanka maka ya haɗa da na jarrabawar, domin sau da yawa ba ya haɗawa.

Alƙaluman Amurka da suka nuna maka ba ƙarya ba ne, sai dai ba su gaya maka na wane ne ba. Hukumar ƙididdigar ƙwadago ta ƙasar ta nuna cewa matsakaicin albashin mai kula da sadarwar kwamfutocin ma'aikata ya haura dala 90,000 a shekara, amma waɗanda suke kan wannan kujera galibinsu masu digiri ne da suka daɗe suna aikin. Wanda ya fito da takardar 'yan watanni yakan fara ne daga jan waya da amsa koken ma'aikatan da intanet ya ɗauke musu, kuma abin da yake samu bai kusa wancan ba, alhali bashin nasa ba ya jiran ya ƙware.

A can ɗin ma an ga inda abin ya kai mutane. Makarantar kuɗi ta ITT Technical Institute, wadda kwasa-kwasan sadarwar kwamfuta suna cikin abin da ta fi tallatawa, ta rufe rassanta kusan 130 a watan Satumba na 2016, ta bar dubban ɗalibai da bashi da karatun da sauran makarantu da dama suka ƙi karɓa. Sai a watan Agusta na 2022 ma'aikatar ilimi ta Amurka ta yafe bashin dala biliyan 3.9 ga mutum 208,000 da suka yi karatu a can, bayan ta tabbatar an yaudare su game da samun aiki. Ka duba shekarun da ke tsakani, ka tuna cewa waɗannan mutane ne masu iyali da kuɗin haya. Wannan ne ya fi ba ni takaici, domin yawancinsu talakawa ne da suka tashi neman na kansu da zuciya ɗaya.

Abin da ya kamata ka ɗauka daga Amurkawa shi ne ma'aunin da gwamnatinsu ta kafa a 2014 domin tantance irin waɗannan makarantu: abin da ɗalibi zai riƙa biya na bashi a shekara kada ya wuce kashi 8 cikin 100 na abin da yake samu. Ka ɗauki abin da sabon ma'aikaci yake samu a wata a nan Kano, ba a Amurka ba, ka fitar da kashi 8 ɗinsa, ka ajiye kusa da abin da mai ba ka rancen zai riƙa karɓa duk wata, sannan ka zo mu duba tare.

Kada kuma ka haɗa wannan rance da na NELFUND, asusun gwamnatin tarayya na ba ɗalibai rance, wanda ya fara karɓar buƙatun ɗalibai a watan Mayu na 2024. Shi ba shi da kuɗin ruwa, ba a fara biya sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa, kuma da ɗaliban manyan makarantun gwamnati aka fara shi. Naka kuwa da ruwa yake tafe, kuma ƙarshen watan farko za a fara kiran wayarka, tun kana aji.

Karatun kansa ba na raina shi, kuma ina so ka yi shi, domin wanda bai fahimci yadda ake raba adireshin IP, wato lambar da ake gane kowace na'ura da ita a sadarwa, ba zai tsufa yana matse kan kebul. Amma hanyar ba ta buƙatar bashi. Cisco Networking Academy tana ba da darussan farko kyauta, da manhajar Packet Tracer wadda za ka haɗa rauta da suwic, wato na'urorin da ke sada kwamfutoci da juna, a cikinta ka ɓata ka gyara ba tare da ka ƙona kayan kowa ba. Tsofaffin suwic ɗin da ke cikin shago ma na ba ka izinin taɓa su bayan mun tashi. Kuɗin jarrabawar kuma ka fara tara shi da adashi tun yanzu, domin tun da aka saki farashin naira a watan Yuni na 2023 dala 300 ta zama kuɗi mai nauyi. Ranar da ka raba sadarwar ofis guda zuwa sassa uku da VLAN, wato dabarar raba sadarwa ta hanyar saita suwic, a gabana, ka kuma gano matsalar da zan dasa maka a ciki ba tare da na sa baki ba, ni zan biya rabin kuɗin, kai ka kawo sauran rabin, mu je mu yi maka rajista.