Sifika a kicin, sifika a majalisa: amsoshin tambayoyinku na wannan satin

Assalamu alaikum jama'a. Wannan satin tambayoyin sifika ne suka fi yawa, irin wadda ake sawa ɗaki-ɗaki babu waya ko ɗaya a ƙasa, ka kunna abu ɗaya ya tashi a ko'ina lokaci guda. Na zaɓi huɗu, sauran duk kusan maganarsu ɗaya da waɗannan.

Ta farko daga wata Hajiya ce a Jidda. Tace: "Malam, muna zaune a shagga, wato fulat, mai ɗaki huɗu, majalisar maza tana bakin ƙofa, kicin yana can ƙarshe. So nake da asuba in kunna karatu ya riƙa tashi a kicin da falo da ɗakin yara lokaci ɗaya, da azumi kuma tafsiri. Yanzu ƴar sifikar Bluetooth nake yawo da ita kamar jaririya. Ɗana yace in sayi sifikar kamfanin Sonos, maigida yace Echo ta kamfanin Amazon tafi araha. Riyal 2,000 na ware. Wayata Samsung ce, kuma yawancin karatun a WhatsApp ake turo min."

Hajiya barka da gida. Maganar da kika rufe da ita ce ta raba gardamar, amma bari in fara daga tushe. Wadda kike yawo da ita, wayarki ce ke ɗura mata sauti, shiyasa in kika wuce kamar mita 10 ko bango ya shiga tsakani sai ta fara sarƙewa, in an kira ki kuma karatun ya tsaya cak. Su kuwa na Wi-Fi kowacce da kanta take janyo abin daga intanet, wayar rimot ce kawai, kina iya fita baƙala, wato kantin unguwa, ki dawo suna ta yi abinsu, kuma suna daidaita kansu yadda muryar kicin bazata riga ta falo ba, don babu abin da ya kai wannan ɗaure kai, kaji aya ɗaya sau biyu kamar kana tsakanin masallatai biyu.

To amma ga inda gizo yake saƙar. Tunda da kanta take janyowa, sai abin ya kasance a wurin da ta sani, irin su Spotify, Anghami, Apple Music, ko gidajen rediyo ta TuneIn. Tafsirin Malam Ja'afar da ƙawarki ta turo miki a guruf kuwa yana cikin wayarki ne, sifika bata san hanyar gidansa ba. A Echo zaki iya tura shi ta Bluetooth, amma ga wadda kika haɗa da ita kaɗai zai fito, sauran ɗakunan shiru. Kenan maigida yayi gaskiya wajen araha, kuɗin Sonos Era 100 ɗaya zai sayi Echo Dot uku harda canji, amma arahar bazata miki aikin da kike so ba. Da ace karatun Sudais ne kawai ko tashar Alƙur'ani kike so da asuba, da nace ki bi maigida ki huta.

Shi Era 100 ɗin, wanda ya fito a 2023, yana da wata dabara: kina haɗa wayarki da guda ɗaya ta Bluetooth, ita kuma sai ta raba wa ƴan uwanta ta Wi-Fi. Duk abin da wayar ta furta, WhatsApp ne, Telegram ne, YouTube ne, zai zaga gidan. Sharaɗin kawai wayar ta zauna kusa da waccan ɗayar. Da iPhone gareki da abin yafi haka sauƙi, don AirPlay 2 tun 2018 yake tura kowane irin sauti zuwa sifika da yawa lokaci ɗaya, amma bazan ce ki canja waya saboda sifika ba. Ki kuma sani Sonos baya karɓar Google Cast, hanyar tura sauti ta wayoyin Android irin taki, kar wani mai shago yace miki "kullu wahid", ba ɗaya bane.

Riyal 2,000 bazai cika ɗaki uku da Sonos ba, gaskiya kenan. Ni dai da nine ke, guda ɗaya zan fara saya in ajiye a kicin tunda nan kika fi daɗewa, in yi sati biyu da ita, in naga tana min yadda nake so sai in ƙara ta falo, ɗakin yara ya jira albashin gaba. Akwai kuma hanya ta uku da mutanenmu basu cika sani ba: ƴan akwatunan WiiM. Su ba sifika bane, ana jona su ne da sifikar da kike da ita, misali tsohuwar rediyon nan mai manyan akwatuna da maigida ya hana a zubar, sai ta koma ta Wi-Fi, kuma suma suna raba abin da ya shigo ta Bluetooth zuwa sauran ɗakuna. Sai dai akwai wayoyi da ɗan haɗe-haɗe, aikin ɗanki kenan tunda shi ya fara kawo shawara.

A kicin kar ki ɗora ta saman murhu ko kusa da inda kike suya. Tururi da maiƙo suna toshe ragar gaba, a hankali zaki ji muryar ta dushe. Saman firiji ko kanta mai nisa da wuta ya wadatar. Ta ɗakin yara kuma ki duba kar ta jingina da ƙofar banɗaki tunda karatu za a riƙa sawa.

Ta biyu, wani ɗan'uwa daga Makka. Yace ya sayi guda uku iri ɗaya, ta majalisa lafiya lau, amma ta ɗakin kwana da ta kicin kullum sai sun ɓace daga manhaja, ko su riƙa yankewa musamman bayan isha'i. Yana tambaya ya mayar ko ya canja kamfani.

Alhaji kar ka mayar tukuna, ko ka canja kamfani haka zaka sake gani. Ba sifikar bace, rawutarka ce, wato akwatin da ke raba Wi-Fi a gidan. Gidajenmu na nan Saudiyya bulo ne da kankare da rodi, su kuwa kamfanonin nan suna zana kayansu ne da tunanin gidan Amurka mai bangon katako da allo wanda sigina ke ratsawa kamar labule. Wi-Fi yawanci layi biyu ne da shi, 2.4 da 5. Na 5 yafi gudu amma bango biyu sun gama da shi. Na 2.4 yafi nisa amma cunkoso ne a kansa, buɗe wayarka ka ƙirga sunayen Wi-Fi na maƙwabta a imararku, wato ginin da kuke ciki, zaka samu sun fi yatsun hannunka, kuma bayan isha'i kowa ya dawo gida ya hau, shiyasa kake ganin matsalar a lokacin. Hatta injin ɗumama abinci, maikurowef, a kusa da wannan layin yake aiki, in an kunna shi ta kicin sai ta yi tari.

Na taɓa zuwa wani gida aka ce in duba irin wannan matsalar, na nemi rawuta na rasa, ashe tana cikin durowar talabijin a majalisa, an rufe ta, an ɗora mata faranti na dabino da flas ɗin gahawa a sama wai don kar yara su taɓa. Muka fito da ita muka rataye a koridon tsakiyar gida sama da tsayin mutum, shikenan, ko sisi ba a kashe ba.

Kai ma fara da haka. Ka je daidai inda sifikar take, ka kashe datar wayarka, ka kunna bidiyo da Wi-Fi ka gani, in yana tsayawa to ka samu ɓarawon. In rawutar 5G ce irin wadda dole ta zauna bakin taga, ko faiba ce da aka shigo da ita ta bakin ƙofa bata matsuwa, to sai ka sayi mesh, wato ƴan rawutoci biyu ko uku masu suna ɗaya da suke miƙa wa juna. Amma dan Allah banda ƙaramin ekstenda ɗin nan na jonawa a soket mai buɗe wani suna daban, shi ke raba gida biyu, waya tana can sifika tana nan basa ganin juna. Haka ma in wayarka tana kan layin Wi-Fi na baƙi, ba zata ga sifikun ba. In kuma akwai ramin intanet a bango kusa da ɗaya daga cikinsu kuma tana da wurin jonawa, sa mata kebul, babu abin da ya kai kebul zaman lafiya.

Ta uku daga wani ƙanena ne a Riyad, yace yaga tsofaffin Sonos da Bose a Haraj, kasuwar gwanjo, da rabin kuɗi, yana so ya saya ya yi amfani da su shekara ɗaya sannan ya tafi da su Kano in zai yi aure.

Allah ya sanya alheri tun yanzu. Amma ƙanena ka tsaya. Sifikar da, ta kakanninmu, in dai bata ƙone ba tana nan tana aiki har jikoki. Wannan kuwa rabinta kwamfuta ce, ranta yana hannun kamfani. A 2020 Sonos ta raba kayanta gida biyu, S1 da S2, tsofaffin da suka tsaya a S1 basa shiga rukuni ɗaya da sababbi irin Era, kenan in ka sayi tsohuwa yau gobe ka sayi sabuwa, kishiyoyi ka tara. Bose kuma a 2025 ta sanar zata janye hidimar intanet daga jerin SoundTouch a 2026, ka gane dalilin rabin kuɗin. Google ma ta daina yin Chromecast Audio, ƴar na'urarta ta tura sauti zuwa sifika, tun 2019. Ko sabbin basu tsira ba: a watan Mayun 2024 Sonos ta saki sabuwar manhaja da ta rikita wa mutane gidaje, abin har ya kai shugaban kamfanin Patrick Spence ya sauka a Janairun 2025. An gyara da yawa daga baya, amma shiyasa nake nacewa duk wadda zaka saya ta kasance tana da Bluetooth ko ramin jona waya, ranar da manhaja ta yi yaji ka samu ƙofar baya.

In ka nace sai gwanjo, ka karɓi cikakken sunan samfurin ka bincika kafin ka je, a kunna a gabanka, mai ita ya cire ta daga asusunsa a goge ta tas. Sabuwa daga Jarir ko eXtra ko wani shago mai rajista tana zuwa da fatura, wato rasit, da garantin shekara 2, kuma harajin kashi 15 yana cikin farashin da ka gani. Ɗauki hoton faturar nan take, rubutunta gogewa yake da zafin nan.

Maganar Kano kuwa, wuta ba matsala bace ta fuskar lamba: nan volt 230 ne da hertz 60, gida 230 da 50, yawancinsu kuma in ka juya ƙasansu zaka ga an rubuta 100–240 da 50/60, filogin ma mai ƙafa uku ne kamar namu. Matsalar ita ce sai gidan yana da rawuta a kunne kullum da data a ciki, ga ɗauke wuta da dawowarta da ƙarfi, ga garantin ka baro shi a Riyad. In kana da sola da inbata da rawuta, bismillah. In babu, gara ka sayi masu batir guda biyu na kamfani ɗaya waɗanda ke haɗuwa da juna ta Bluetooth, irin na JBL, ba zasu ratsa gida duka ba amma ɗaki da falo da tsakar gida sun isa amarya. Ranar tafiya ka sa su a jakar hannu tunda batirin litiyom ne.

Ta ƙarshe gajera ce, wata baiwar Allah daga Madina: wai Alexa, muryar da ke amsa umarni a cikin Echo, tana jin Hausa, kuma wai da gaske tana sauraren hirar gida?

Bata jin Hausa Hajiya. Tun Disambar 2021 ta fara Larabci a nan Saudiyya, harda na Khaliji, ga Turanci, amma in kika ce mata "ƙara murya" kallonki kawai zata yi. Yaran gidan masu Larabci a baki su zasu fi morarta, kuma tana da abu ɗaya mai daɗi, kina kicin ki yi magana ya fito a ɗakin yara ba sai kin ɗaga murya har maƙwabta sun ji ba. Saurare kuwa, makirfonta a buɗe yake tana jiran a kira sunanta, abin da aka faɗa bayan nan ana tura shi intanet, wani lokacin kuma tana kuskuren ji ta farka ba a kira ta ba. Akwai maɓalli a samanta, kina dannawa zata nuna jan haske, makirfon ya mutu. Ni a gidana ta kicin a buɗe take, ta majalisa kuwa kullum ja take nunawa, ɗakin kwana ko ɗaya ban sa ba.

Masu tambayar sifikar saman bene da ta istiraha, wato gidan shaƙatawa, ku yi haƙuri sai sati mai zuwa, amma kafin nan wanda ya bar tasa mai batir a cikin mota da azahar ya je ya ɗauko ta.