Amsar Baffa kan gyaran dokar 2020 da maganar masu neman jinsi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ɗana, na saurari saƙon da ka turo daga Jidda, na kuma kalli bidiyon da ake yawo da shi, wanda mai magana a cikinsa yake cewa gwamnatin riƙon ƙwarya ta Firaminista Abdalla Hamdok ta halatta luwaɗi a Sudan, wai yanzu 'yan luwaɗi da 'yan maɗigo daidai suke da kowa a gaban doka. Ka tambaye ni ko gaskiya ne, amma a fahimtata abin da ya tsaya maka a rai shi ne yaron nan da aka yi wa duka a kasuwar Gadarif da ke gabashin Sudan saboda jita-jitar cewa ɗan luwaɗi ne, kana so ka ji ko masu dukan suna da hujja.

Mai bidiyon bai karanta dokar ba. A watan Yulin 2020, lokacin da Nasruddin Abdulbari yake ministan shari'a, an yi gyara ga dokar manyan laifuka ta 1991, kuma gyaran ya taɓa sashe na 148 da ya shafi luwaɗi. A da, wanda aka samu da laifin ana yi masa bulala 100 tare da yiwuwar ɗauri, idan kuwa ya kai karo na 3 to kisa ne ko ɗaurin rai da rai. Abin da aka cire shi ne bulalar da kisan. Ɗaurin yana nan, har shekara 5 a karon farko, 7 a karo na biyu, rai da rai a na uku, kuma sashe na 151 da ake iya kama mata da shi bai tafi ko'ina ba. A wannan zaman ne aka soke hukuncin ridda aka kuma haramta kaciyar mata, shi ya sa hayaniyar ta yi yawa har mutane suka cakuɗa komai. Duk wanda ya ce an ba su daidaito a Sudan, to bai san mene ne daidaito ba.

In kana son ganin ƙasar da ta ba da shi a rubuce, dubi Afirka ta Kudu, wadda kundin tsarin mulkinta na 1996 ya hana nuna wa mutum bambanci saboda wannan, sannan a 2006 ta amince da auren jinsi. Botswana ma kotu ce ta soke laifin a 2019, amma soke laifi daban, ba da damar aure daban, kuma mutanenmu ba sa rarrabe su. Can gida Najeriya kuwa, a Janairun 2014 Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi, da shekara 10 ga wanda ya kafa musu ƙungiya. Inda kake zaune kai ka fi ni sani cewa alƙali ne yake yanke hukunci bisa fiƙihu, har yana iya kaiwa ga kisa, saboda haka ka kiyaye abin da kake turawa a waya.

Akwai abin da na daɗe ina gaya wa ɗalibaina tun ina koyarwa, ba wanda yake kula da shi. Waɗannan sassan doka da muke tada jijiyar wuya a kansu suna da asali, kuma asalin yana komawa Indiya. Turawan Ingila sun rubuta wa Indiya kundin hukunta laifuka a 1860, a cikinsa akwai sashe na 377 da ya hukunta luwaɗi. Daga wannan kundin aka tsamo na Sudan a 1899, amma abin mamaki, na Sudan ya taƙaita hukuncin ga wanda ya aikata da wani ba da yardarsa ba. Da Sardauna Ahmadu Bello ya tashi gyara shari'ar Arewa gab da samun mulkin kai, kwamitin masana da aka kira a 1958 alƙalin alƙalan Sudan ne ya shugabance shi, Sayyid Muhammad Abu Rannat, aka ɗauki kundin Sudan aka gina na Arewa a kansa, ya fara aiki a 1960, sai dai can an cire sharaɗin rashin yarda. Wato hanyar da kakanninmu suka biyo daga Sakkwato zuwa garin Mai Wurno na Sudan bayan yaƙin Burmi da Turawa, ita dokar ta bi ta koma yamma. Ita Indiyar kuwa kotun ƙolinta ta soke wancan hukunci tsakanin manya a 2018. A nan Sudan kuma, sai 1983 Shugaba Numairi ya kawo dokokin shari'ar Musulunci da ake kira dokokin Satumba, sai 1991 aka kawo na Shugaba Bashir. Ina kawo wannan ne domin masu cewa haka dokar take tun fil azal, da masu cewa duk wani sassauci shigo da shi Turawa suka yi, dukansu su san cewa a ƙasar nan an rubuta wannan sashe an goge an sake rubutawa fiye da sau ɗaya. 

Game da yaron, ba na jayayya da kowa kan abin da malamanmu suka karantar da mu na haramci, kuma ba fatawa aka tambaye ni ba. Amma malaman nan su ne suka ce a mazhabarmu ta Malikiyya ba a tabbatar da wannan laifi sai da shaidu 4 da suka gani da idonsu, ko iƙirarin mai shi, kuma a gaban alƙali. Imam Abu Hanifa ma bai ɗauke shi haddi ba, ta'aziri ya ce, wato horon da alƙali ya ga ya dace. Suratul Hujurati ta hana bin diddigin asirin mutane, Suratun Nur ta sa bulala 80 ga mai ƙazafi. To waɗanda suka taru a kan yaro saboda tafiyarsa ko muryarsa, ko saboda wani ya leƙa wayarsa, a wace mazhaba suke? Ko hukumar kare haƙƙin ɗan'adam ta Afirka, a ƙudurinta na 275 da ta fitar a Luwanda, babban birnin Angola, a 2014, ba aure ta nema musu ba, cewa ta yi a daina dukansu da kashe su da kama su ba bisa ƙa'ida ba. Illar irin wannan doka kuma ita ce tana zama makami a hannun 'yan damfara, domin wanda aka yi wa barazanar tona asiri ba ya iya kai ƙara, sai dai ya biya, ko da ƙarya aka yi masa.

Mu Hausawan Sudan bai kamata a koya mana wannan darasi ba. Ni da aka haife ni a nan, aka haifi mahaifina a nan, na tsaya a wani ofis neman takardar jinsiyya, wato shaidar zama ɗan ƙasa, jami'in ya dubi sunana ya ce in kawo shaidar kakan kakana, alhali wanda yake bayana ba a tambaye shi komai ba. Har yau abin yana ci mini rai. Kun kuma ga abin da ya faru da 'yan'uwanmu a jihar Nilul Azrak (Blue Nile) a Yulin 2022, da maganar cewa mu baƙi ne ta tashi daga baki ta koma makami. Wanda ya ɗanɗani wannan ya san cewa ranar da aka yarda wani rukunin mutane ba su cancanci kariyar 'yan sanda ko gadon asibiti ko sauraro a kotu ba, ba a tambayar ra'ayinsa kafin a zaɓi rukuni na gaba.

Saboda haka ina roƙon mai kula da zauren nan ya goge hoton yaron, wanda kuma ya san mahaifiyarsa ya gaya mata a kai shi asibiti a rubuta raunukan, domin da wannan takardar ake buɗe ƙara. Wassalamu alaikum.