Shin dabbobin Yankari sun saba da mutane?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar makaranta ce a Gombe. Abokan aikin maigidana sun shirya zuwa Yankari a hutun ƙarshen shekara, kwana uku. Wai za a kwana a tanti, a yi zagaye da mota safe da yamma, har da tattaki a ƙafa cikin daji. Ya ce mu tafi da yaranmu biyu, mai shekara 14 da mai shekara 9. Tun da ya faɗa ban yi barcin kirki ba, da na rufe ido sai in ga zaki yana yage tantin. Shi kuwa dariya yake yi, wai dabbobin can duk sun saba da mutane, har bidiyo ya nuna min na wani a tsaye kusa da giwa. Don Allah mu je ko mu haƙura?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Ku je, Allah Ya kai ku lafiya. Kin dace da lokaci ma, domin a hunturu ciyawa ta bushe, tafkunan damina sun fara ƙafewa, dabbobi na gangarowa kwarin kogin Gaji neman ruwa, nan kuma motar zagaye take bi. Idan rani ya ƙara nisa, wajen Fabrairu zuwa Afrilu, an fi ganinsu, sai dai zafin ba na yara ba ne.

Batun zaki, ki kwantar da hankalinki. A duk Najeriya wuri biyu kawai suka rage da zaki a daji, Yankari da gandun Tafkin Kainji, kuma na Yankarin 'yan kaɗan ne, a dajin da faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. Akwai waɗanda suka zo sau biyar ba su ga ko sawunsa ba. Idan kun ji gurnaninsa da dare ku gode wa Allah, muryarsa tana tafiya kilomita da yawa, ba lallai yana kusa ba. Tanti kuma muddin an ja zif ɗinsa har ƙasa, ba a ajiye nama ko ragowar abinci a ciki ba, dabba kewaye shi take yi. Ki dai tabbatar cewa inda za a kafa shi wuri ne da hukumar gandun ta nuna, da jami'inta a kusa, kuma kada yaro ya fita fitsari da dare shi kaɗai ko ba tocila.

Abin da ya tayar min da hankali a wasiƙarki dariyar maigidanki ce. Wannan magana ta "ai sun saba da mutane", na shekara da shekaru ina yi wa baƙi jagora, kuma da wuya in cika mota ban ji ta daga bakin wani ba. Galibi daga bakin wanda ya fi kowa ilimin boko a motar take fitowa.

Na san inda ta samo asali. Mutum ya shigo ta ƙofar Mainamaji, ya yi tafiyar kilomita arba'in da ɗoriya ya iso sansanin Wikki, sai ya tarar da gadu yana kiwo a durƙushe a gaban masauki, gwaggon biri yana zaune a kan katanga kamar mai jiran kuɗin haya. Da yamma a shiga mota, giwa ta ratsa hanya ko kallon motar ba ta yi ba. Shi ke nan sai ya yanke hukunci cewa gidan zu ya zo. To Malama, da motar giwar ta saba. Tun 1962 aka buɗe Yankari ga masu ziyara, kakannin waɗannan giwaye sun ga mota tana wucewa ba ta taɓa su ba. A wajenta motar da mutanen da ke ciki abu ɗaya ne, wani ƙaton abu mai warin mai wanda ba ya cutarwa. Da zarar mutum ya miƙe tsaye ya zuro jiki, ko ya sa ƙafa a ƙasa, ya rabu da motar, ya koma abin nan mai ƙafa biyu da ta sani sarai. Kuma me ta sani game da shi? Mai ƙafa biyu ne ya yi shekaru yana harbin danginta saboda haure. Shi ne yake korar ta da wuta da ganga idan ta shiga gonar dawa a ƙauyukan gefen gandu. Giwa tana kaiwa shekara sittin, ba ta mantuwa. A da ana lissafin giwayen Yankari da ɗaruruwa, yanzu ƙiyasin masu kula da su bai wuce 100 zuwa 150 ba. Waɗanda suka rage ɗin nan sun rage ne saboda ba su yarda da mutum ba.

Na taɓa fita da wasu matasa, muka ci karo da garken giwaye a bakin kurmi. Ina cikin nuna wa na gaba wata uwa da ɗanta, ashe na baya ya dire da waya a hannu, ya juya wa garken baya yana neman hoto. Uwar ta buɗe kunnuwa, ta girgiza kai, ta yi kururuwa, ta taho ƙura na tashi. Allah Ya sa gargaɗi ne, ta ja birki, na finciko shi ta wuyan riga. Da na gaske ne da ba ta yi ƙara ba, da ta manne kunnuwa, ta naɗe hanci, ta sunkuyar da kai. Wata 22 ta yi da cikin ɗan nan, kina ganin za ta tsaya tantance mai waya da mai bindiga? Yaron yana komawa mota ya fara dariya, kuma na tabbata ya sa hoton a Facebook. Irin wannan bidiyon aka nuna miki. Wanda bai tsira ba ai ba ya ɗora nasa.

Haushina ya fi yawa a kan masu kai baƙi da ba su da horon komai sai mota da baki. Don a ƙara musu na goro sai su bar hanya su kutsa wa garke, su yi ta danna hon don giwa ta ɗago kai a samu hoto. Wani ma har ya ce yana da laƙanin da dabba ba ta taɓa shi. Ko da yana da shi, ku da yaranku fa? Duk wanda ya ce miki "sauko Hajiya, ba komai" alhali babu jami'in gandu a tare da ku, ki ƙi, ko da kowa a motar zai ce kin cika tsoro.

Haka ɓauna, musamman tsohon namiji da ya ware daga garke yana kwance a duhuwa, ba ya gargaɗi. Dorina da dare take fitowa kiwo ta koma ruwa da asuba, wanda ya tsaya tsakaninta da ruwan ya shiga uku. Amma wanda ya fi kusa da taɓa ɗanki mai shekara 9 shi ne gwaggon birin sansani, don shi kam ya saba da mutane da gaske, kuma sabon ne ya ɓata shi. Baƙi sun yi ta miƙa masa biskit har ya daina tsoro, yanzu ƙwace yake yi, ya kuma gane cewa yaro da mace sun fi sauƙin tsoratarwa. Fiƙar babban namiji ta kai tsawon ɗan yatsa. Kada yaro ya yi yawo da leda a hannu, ko a hanyar gangarawa ruwan ɗumi na Wikki. Idan biri ya kama ledar a sakar masa. Idan ya yi cizo ko yakushi, a wanke da sabulu da ruwa mai gudu minti 15, a nufi asibiti a yi maganar allurar haukan kare a ranar, ba sai an koma Gombe an huta ba.

Tattaki kuwa shi ne daɗin tafiyar, a nan ake koyon sawu da kashi da kukan tsuntsu, a kuma leƙa kogwannin Marshall, ramukan da mutanen zamanin da suka sassaƙa a jikin dutse. Sharaɗinsa jami'i mai bindiga a gaba, a jeru ɗaya bayan ɗaya, a yi shiru, kuma duk abin da ya ɓullo kada a ruga sai an ce a ruga. Za ki ga jagora yana kaɗa toka ko ƙura, iska yake dubawa, don giwa ba ta gani sosai amma hancinta ba ya kuskure. Mai shekara 14 zai iya in yana jin magana. Ƙaramin ki bar shi a sansani tare da wani babban mutum. Ko a kwarin Luwangwa na Zambiya, inda aka fi shahara da irin wannan tattaki, ba a saba ɗaukar yaro ƙasa da shekara 12 ba.

Ku sa takalmi sau-ciki da dogon wando saboda kububuwa, ku bar baƙaƙe da shuɗin kaya a gida don su ne ƙudan tsando ke bi. Ku riƙe gidan sauro da bargo, sanyin asubar Disamba a dajin nan ba wasa ba ne. Maigida kuma ki ba shi wannan amsa ya karanta da kansa kafin ku kama hanyar Alkaleri. Ki ce na ce a mota ya zauna kusa da ƙaramin, ya riƙe masa hannu, wayar kuma daga kan kujera za a ɗauki hoto da ita.