Tambaya da Amsa: Yaya zan horar da manajojin kantunana su iya jagorantar ma'aikata?

Tambaya: Ina da kantuna uku na kayan masarufi, biyu a Zariya, ɗaya a Kaduna, kowanne da ma'aikata 15 zuwa 20. Manajojin duk yarana ne da muka daɗe tare, na ɗaga su saboda amana da iya ciniki. Damuwata ita ce ba sa yanke shawara sai sun kira ni, ma'aikata suna yawan barin aiki, ɗaya daga cikin manajojin kuma kullum cikin faɗa yake da na ƙasa da shi. Ina so in shirya musu horo kan shugabanci. Daga ina zan fara, kuma me ya kamata a koya musu?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Abin da ka bayyana ya samo asali ne daga irin tarbiyyar kasuwanci da muka gada. Yaron shago a Kantin Kwari ko kasuwar Singa yana shekaru a gefen maigidansa, ya san kaya, ya san farashi, ya san wanda ake ba bashi da wanda ba a ba, amma duk tsawon wannan lokaci maigida ne ke yanke hukunci. Idan aka wayi gari an damƙa masa makullin kanti da mutum 20 a ƙarƙashinsa, abin da ya saba shi zai ci gaba da yi, wato ya ɗauki waya ya tambaye ka. Iya ciniki da iya tafiyar da mutane fannoni biyu ne, kuma na biyun ba a taɓa koya masa ba.

Saboda haka aikin farko naka ne, tun kafin a kira mai horarwa. Ka zauna ka rubuta a takarda iyakar ikon manaja: ragin nawa zai iya yi wa mai saye ba tare da ya neme ka ba, kayan da aka dawo da su har na nawa zai karɓa, kuɗin man janareta ko gyaran firji har nawa zai fitar, shin yana iya ba ma'aikaci izinin kwana biyu, yana iya rubuta masa gargaɗi, yana da ta cewa wajen ɗaukar sabon mutum. Wannan takarda ta fi kowane darasi muhimmanci a wurina, domin manajan da aka koya wa yanke shawara, ya dawo kanti ya tarar ba shi da ikon sayen ko ƙwan lantarki, zai ajiye abin da ya koya cikin mako guda. Ka kuma ɗaure wa kanka cewa idan ya yi hukunci a cikin iyakarsa ba za ka warware shi a gaban ma'aikata ba, ko da kai da wani abu daban za ka yi. Gyara sai kun keɓe.

Daga nan sai ka binciki inda giɓin yake, kada ka sayi kwas ɗin da aka shirya wa ma'aikatan banki. Ka yini a kowane kanti kana kallo ba ka sa baki, ka sa wani wanda ba manajan ba ya tambayi waɗanda suka bar aiki dalilinsu, ka fito da lissafin watanni shida na baya: mutum nawa suka tafi, giɓin nawa ake samu a ƙidayar kaya, sau nawa kuɗin kashiya ya saɓa da abin da na'ura ta nuna. Idan binciken ya nuna albashi ne ke korar mutane, to horo ba zai magance wannan ba. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma naira 70,000 tun watan Yulin 2024, kuma ma'aikatanka sun san da haka.

Darasin da zan sa a gaba shi ne yadda manaja zai koya wa sabon ma'aikaci aiki, domin rabin faɗan da ake yi a kanti a kan aikin da ba a taɓa nuna wa mutum yadda ake yinsa ba ne. Akwai tsarin da gwamnatin Amurka ta ɓullo da shi a 1940, lokacin da masana'antu suka cika da sababbin ma'aikata saboda Yaƙin Duniya na Biyu, daga baya kamfanin Toyota na Japan ya ɗauke shi. Matakansa huɗu ne. A fara da kwantar wa mai koyo hankali a gano abin da ya riga ya sani, sannan a nuna masa aikin daki-daki ana faɗa masa dalilin kowane mataki, sannan shi ya yi da hannunsa yana bayani har a tabbata ya iya, daga ƙarshe a bar shi ya yi shi kaɗai ana leƙo shi lokaci-lokaci. Faɗin dalili shi ne abin da manajojinmu suka fi tsallakewa. Yaron da aka ce wa kawai ya jera madara zai jera ta yadda ya ga dama, wanda kuwa aka nuna masa cewa tsohon kaya ake turowa gaba, sabo ya koma baya, don kada wa'adinsu ya ƙare a kan kanta, zai kiyaye ko babu mai kallonsa.

Sai batun gyara kuskure, wanda ya shafi manajan nan mai faɗa. Sau da yawa tsawa tana fitowa ne daga mutumin da ke tsoron a raina shi, musamman idan a cikin ma'aikatan akwai waɗanda suka girme shi, ko abokan da jiya tare suke sauke kaya daga mota, ko ɗan'uwan maigida da ke ganin ba mai iya taɓa shi. A koya masa ya ja mutum gefe, ya faɗi abin da ya faru da ranar da ya faru ba tare da ya taɓa halinsa ko asalinsa ba, ya saurari uzurinsa, su tsayar da abin da za a gyara da ranar da za a sake dubawa. Wannan ba ya shiga ta hanyar lacca. Dole a gwada shi a aikace, wani ya zama kashiyar da kuɗinta bai cika ba, wani ya zama dattijon mai gadi da ke yawan makara, manajan ya yi musu magana, sauran su faɗi inda ya yi daidai da inda ya kauce. Da farko za su ji nauyi, amma a zama na uku za ka ga bambanci. A nan ne kuma ya kamata a tattauna jadawalin aiki, domin ma'aikata suna auna adalcin manaja da yadda yake raba aikin dare, da lokacin sallar Juma'a, da buɗa-baki a watan azumi, da ranar Lahadi ga ma'aikata Kiristoci, abin da ba a wasa da shi a kantin da ke Kaduna ko Zariya.

Lissafi da doka ba za su ci lokaci mai yawa ba, amma kada a bar su. Manaja ya iya bambance yawan ciniki da riba, ya san kayan da suka yi kwantai, ya san cewa hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, na hukunta mai sayar da kayan da wa'adinsu ya wuce. A watan Fabrairun 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta rufe wani babban kanti a Abuja saboda farashin da ke kan kanta ya saɓa da wanda ake karɓa a wurin biya, kuma irin wannan aikin manaja ne ya hana shi.

Game da tsari, ban ba ka shawarar kwana uku a otal ba. Zaman awa biyu duk mako biyu, na tsawon wata huɗu zuwa shida, ya fi amfani, a ba kowa aikin da zai gwada a kantinsa ya dawo da rahoto. Ka haɗa da mataimakansu, ka kuma riƙa musanya manajojin tsakanin rassa na mako guda. Idan kamfaninka yana biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi ga asusun horar da ma'aikata na ITF, wanda aka kafa a 1971 mai hedikwata a Jos, ka tuntuɓi ofishinsu kafin ka fara, domin suna mayar da har rabin abin da aka biya ga wanda ya yi horon da suka amince da shi.

Bayan wata shida ka sake fito da lissafin nan na farko ka kwatanta, ka haɗa da yawan kiran da suke yi maka a rana. Idan aka samu wanda bai canza ba duk da horo da iko da aka ba shi, ba lallai ne a sallame shi ba. Mai amana da ya san kaya zai iya riƙe sito ko sayayya daga 'yan sari da albashinsa yadda yake, kujerar manaja kuma a ba mataimakin da ya nuna ƙwazo a lokacin horon.