Kwamfutata tana zafi tana ɗaukewa, mai gyara ya ce bairos ne

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da ɗan shagon buga takardu a Samaru, kusa da jami'a. Tun shigowar bazara kwamfutata ta tebur, HP ce tokunbo, take ba ni ciwon kai. Ina tsakiyar aiki sai fanka ta kama kuka, can sai ta ɗauke ɗif. Da safe takan ɗan jure, da rana kuwa ba ta wani jimawa. Na kai wa mai gyara, ya ce bairos ne, ya yi mata fomat. Ayyukan ɗalibai da ke ciki duk suka salwanta, matsalar kuma tana nan daram. Yanzu ya ce ko a sake fomat ko a canza madabod. Ga furojet ɗin mutane a hannuna, hankalina a tashe yake. Shin ta tashi daga aiki ke nan?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya mayar maka da alheri a kan abin da ka rasa. Kwantar da hankalinka, duk alamomin da ka lissafa na zafi ne, kuma galibi gyaransa ba ya kai ga madabod. Amma kafin komai, gobe da sassafe lokacin da take jurewa, ka kwashe duk aikin mutane ka zuba a filashi. Kada kuma ka sake miƙa ta a yi fomat.

Ɗaukewar da take yi kare kanta take yi. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, tana da ma'aunin zafi a cikinta. Yawancin na Intel idan suka doshi digiri 100 sai su rage gudu da kansu, shi ya sa kake jin ta yi nauyi kafin ta mutu. Idan zafin ya ci gaba da hawa, sai ta katse wuta gaba ɗaya don kada ta ƙone. Jurewar safe da gazawar rana kuwa, ai ka san Zariya a Maris da Afrilu: zafi kan doshi digiri 40, ga rufin kwano, ga injin fotokofi yana hura nasa a gefe. Sannan ƙurar da hunturu ya bari tun daga Nuwamba zuwa Fabrairu tana nan zaune a ciki, babu wanda ya taɓa ta.

Maganar bairos ɗin nan ce take ci mini tuwo a ƙwarya, domin kusan kullum sai na ci karo da ita. Kwamfuta ta yi nauyi, bairos. Ta ɗauke, bairos. Fanka ta yi ƙara, bairos. Mutum bai kwance ko noti ɗaya ba, bai leƙa ciki ba, bai auna zafi ba, amma har ya yanke hukunci ya ɗauko filashin Windows. Dalili a fili yake: fomat ba ya buƙatar tunani, ana danna madanni a koma gefe, a karɓi kuɗi. Mai kaya kuma ya ga allo ya dawo fes, sai ya ɗauka an yi aiki. Ya koma shago, azahar ta yi, ta sake ɗaukewa.

Fomat yana share abin da ke cikin had-dis ne kawai. Ba ya cire ƙura, ba ya tayar da fankar da ta mutu, ba ya sabunta man furosesa da ya bushe. Abin da ya fi muni, ɗora Windows aiki ne mai nauyi. Kwamfutar da ke fama da zafi tana iya ɗaukewa ana tsakiyar ɗorawar, sai ka tashi ba tsuntsu ba tarko: tsohon Windows ya tafi, sabo bai zauna ba. A nan ne ake ce maka madabod ya ƙone.

Gaskiya ne akwai mugayen manhajoji da ke sa furosesa aiki ba hutu, irin masu haƙar kuɗin kirifto a ɓoye. Amma wannan sau da yawa ana ganinsa cikin minti ɗaya: danna Ctrl, Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka ga wace manhaja ce ke cin ƙarfin. Kuma kwamfutar da sanyayarta, wato fanka da ƙarfen da ke janye zafi, ke da lafiya an ƙera ta ne ta ɗauki aiki ɗari bisa ɗari ba tare da ta mutu ba. Saboda haka ko da bairos ɗin yana nan, idan har ta ɗauke don zafi, to akwai matsala a sanyaya. Ga gwajin da ke raba gardama: da ka kunna ta, ka riƙa danna F10, tunda HP ce, ka shiga BIOS, wato shafin saitin da ke fitowa kafin Windows ya tashi. Masu Dell F2 za su danna. Ka bar ta a nan da tsakar rana. Windows bai tashi ba, babu wani bairos na Windows da ke aiki. Idan ta ɗauke a nan, magana ta ƙare. Idan ba ta ɗauke ba, ba a wanke zafi ba tukuna, tunda aikin da take yi a nan kaɗan ne, sai a auna da manhaja.

'Yan'uwana masu gyara, ku ji tsoron Allah. Abin da ke cikin had-dis ɗin mutum amana ce. Ɗalibin da ya kwashe watanni yana rubutu, ya biya kuɗin bugawa da ƙyar, a share masa aiki saboda ƙiwar kwance murfi? In ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba, ka tura shi gaba. In ma fomat ɗin ya zama dole, mene ne wahalar tambayar mai kaya ko ya kwashe kayansa?

To Malam, ga abin yi. Sauke manhajar auna zafi, HWMonitor ko Core Temp, kyauta ne. Idan ba a aikin komai, digiri 40 zuwa 55 ba laifi a wannan yanayi. Idan ka ga tana zaune a 70 ko 80 ba ta komai, ka buɗe aiki kuma ta haura 90, ka kama ɓarawonka.

Kashe ta, zare wayar wuta daga bango, danna madannin kunnawa na ɗan lokaci, sannan ka buɗe murfin gefe a waje, ba cikin shago ba. Duba tsakanin fanka da haƙoran ƙarfen da ke kan furosesa. Sau da yawa za ka tarar ƙura ta dunƙule a wurin kamar auduga, ja-ja-ja da ita, har ana ɓanɓaro ta da yatsa. Iska ba ta ratsa wannan. Hure da bulowa, amma ka dafe fankar da yatsa kada iskar ta riƙa juya ta da ƙarfi, domin hakan na lalata ta. Kada ka sa jiƙaƙƙen tsumma. Ka mayar da wuta murfin yana buɗe, ka ga ko kowace fanka tana juyawa. Wadda ke rawa, ko ke buƙatar a tura ta kafin ta tashi, canza ta za a yi.

Sai man furosesa, wannan mai launin toka da ke tsakaninta da ƙarfen. A tokunbo yawanci ya bushe ya zama gari. A goge tsohon da sifirit da tsumma mai tsabta, a bari ya bushe, a ɗiga sabo gwargwadon ƙwayar wake a tsakiya, a mayar da ƙarfen a ɗaure kusurwa huɗu daidai, ana yi ana tsallakawa. Kusurwa ɗaya ta saki, zafi zai dawo. Wasu na sa man goge baki ko giris ɗin mota, kada ka yarda. Man goge baki ruwa ne a cikinsa, cikin 'yan kwanaki zai bushe ya tare zafin.

Ka kuma ɗaga ta daga ƙasa, ka fitar da ita daga cikin akwatin tebur, ka bar tazara tsakanin bayanta da bango. Lulluɓin da ake yi mata saboda ƙura a cire shi duk lokacin da take kunne.

Idan an yi duk wannan, ma'auni ya nuna zafi ya sauka amma tana ci gaba da ɗaukewa, sai a koma kan fawa-fak, wato akwatin da ke raba wa kwamfutar wuta. Shi ma yana da fanka a baya, sa hannu ka ji ko iska na fita. Wutar gari mai hawa da sauka da ƙaramin janareta suna gajiyar da shi, don haka sitabilaiza ko UPS ba almubazzaranci ba ne a shago irin naka. Kada ka buɗe fawa-fak da kanka, akwai kafasito a ciki da ke riƙe wuta bayan an zare waya. A gwada da wani mai lafiya. Madabod shi ne na ƙarshe a layi, kuma duk wanda ya ce ya lalace, ka ce ya nuna maka kafasiton da ya kumbura ko wurin da ya ƙone kafin ka fitar da ko sisi.